Daga Sheƙar Mikiya Zuwa Bakin Lambatu

A garuruwa da yawa na jihohin Maryland da Virginia a Amurka, in mutum na tafiya gefen titi ya sunkuyar da kai, zai ga rubutu da fenti a bakin ramin da ruwan sama ke shiga. Rubutun gajere ne: kada a zuba komai a nan, ruwan nan Chesapeake za shi. Wani wurin har da zanen kifi ko ƙaguwa a gefe. Haruffan sukan ɗan karkace, fentin ya zarce layi, domin galibi ba ma'aikatan hukuma ne suka yi ba. 'Yan makaranta ne, da kwalin da aka huda wa haruffa da gwangwanin fenti, malama na tsaye tana lura musu da motoci.

Chesapeake ɗin nan mashigin teku ne, mafi girma irinsa a Amurka, inda ruwan koguna ke gauraya da ruwan gishirin Atlantika. Ruwan saman da ya sauka a faɗin ƙasa mai murabba'in kilomita kusan 166,000, cikin jihohi shida da birnin Washington, can yake ƙarewa, kuma mutum sama da miliyan 18 ke zaune a wannan fili. Wanda ke can jihar New York, inda kogin Susquehanna ya faro, kilomita ɗari bakwai ne tsakaninsa da mashigin, amma baƙin man da ya juye a kwata bayan ya yi wa motarsa juyen mai ya san hanya sarai. A yawancin garuruwan, ruwan titi ba ya bi ta wata matata. Daga lambatu sai rafi, daga rafi sai kogi, ɗauke da takin da aka barbaɗa wa ciyawar ƙofar gida da kumfar wankin mota da leda da guntun taba.

To, ta yaya ake sa yaro ɗan shekara tara ya damu da lambatu? Ba yaron da za a ce wa yau darasinmu kwata ne ya yi tsalle. Shi ya sa malaman can sukan faro daga sama, daga mikiya mai farin kai. Ita kam ba sai an roƙi yaro ya kalle ta ba. In ta ware fukafukai sukan kai mita biyu, wani lokaci su ɗara. Macen ta fi namijin girma. Baki rawaya, ƙafa rawaya, kai da wutsiya fari fat, sauran jiki duhu. Sheƙarta kuwa, kowace shekara sai ta ƙara mata itace, har ta yi nauyin da ke karya reshe. Wadda aka auna kusa da St. Petersburg a Florida ta kusa mita uku a faɗi, mita shida a zurfi. Wasu malaman sukan fita da yara fili su tattaro itatuwa su gina sheƙa daidai girman ta gaske, yara biyar ko shida su shige su zauna. Kuma kowane yaro a ƙasar ya san tsuntsuwar tun bai shiga aji ba: tana kan hatimin gwamnati tun 1782, tana bayan takardar dala ɗaya, tana kan fasfo. Abin dariya, sai a watan Disamba na 2024 aka sa hannu kan dokar da ta naɗa ta tsuntsuwar ƙasa a hukumance, bayan ta shekara fiye da ɗari biyu da arba'in tana aikin ba takardar naɗi.

Da yara sun gama sha'awa, sai a fara rage mata tsawo. Kukan nan mai ratsa jiki da ake ji a fina-finai idan an nuno ta ba nata ba ne, na wani shaho ne mai jan wutsiya ake ara mata. Nata kukan siriri ne, ba ya tsorata kowa. Tana cin mushe. Tana yi wa wani shaho mai kamun kifi fashi a sama, ta matsa masa har ya saki abin da ya kamo ta cafe. Benjamin Franklin, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa ƙasar, ya rubuta wa 'yarsa a 1784 yana kushe zaɓenta saboda wannan hali nata. Amma abin da malama ke nema shi ne amsar tambaya guda: me take ci? Kifi ne mafi yawan abincinta, shi ya sa da wuya a ga sheƙarta nesa da ruwa. Yaron da ya tambayi abincin mikiya ya shiga kogi ke nan, wanda kuma ya tambayi abin da ke cikin kogi, bin ruwan zai yi ta yi har ya tsinci kansa a ƙofar gidansu.

Labarin da ya fi tsaya mini a rai cikin wannan duka shi ne na wani dattijo ɗan Kanada, Charles Broley. Manajan banki ne a Winnipeg, ya yi ritaya, ya riƙa zuwa Florida lokacin sanyi. A 1939, yana dab da shekara sittin, ya fara wani aiki da matasa ma ke tsoro: hawa dogayen itatuwa da tsanin igiya yana sanya wa 'ya'yan mikiya zobe a ƙafa, don a san inda suke zuwa. Kafin ya rasu a 1959 ya sanya wa sama da 1,200. A shekarun farko, a gaɓar yammacin Florida tsakanin Tampa da Fort Myers, yakan sami kimanin sheƙa 125 masu rai, ya sanya wa 'ya'ya kusan 150 zobe a shekara. Daga 1947 lissafi ya fara sauya. Zai hau itace ya tarar da sheƙa ba ƙwai, ko ga ƙwai amma bai ƙyanƙyashe ba, iyayen kuma na shawagi a sama suna masa tsawa kamar kullum. A 1957 sheƙa 43 ce kawai ke da iyaye, bakwai daga ciki ne suka fitar da 'ya'ya. A 1958 sai da ya yi tafiyar mil ɗari a gaɓar kafin ya sami ɗa guda tak da zai sa wa zobe.

Abin lura a nan shi ne, duk tsawon shekarun farko na wannan masifa, manyan mikiyoyi na nan. Mikiya takan shekara ashirin ko fiye, kuma gubar da ke yi musu ɓarna ba ta kashe yawancin manyan ba. Wanda ya ɗaga kai a 1952 ya ga farin kai na shawagi bisa kogi zai rantse lafiya lau ake. Ɓarnar tana can cikin sheƙa, inda ba mai gani sai wanda ya yarda ya hau itace. A wani tsauni a Pennsylvania da ake kira Hawk Mountain, inda tun 1934 ake zama ana ƙirga tsuntsaye masu ƙaura, littattafansu sun nuna abu ɗaya ta wata fuska. Ɗan mikiya ba ya yin farin kai sai ya shekara huɗu ko biyar. Kafin nan jikinsa duhu ne da dabbare-dabbare, ana gane shi daga nesa. Tsakanin 1935 da 1939, kashi 40 cikin ɗari na mikiyoyin da suka wuce ta wurin ƙanana ne. Tsakanin 1955 da 1959 sun koma kashi 20, kuma a 1957 ƙarami ɗaya aka gani ga kowane babba 32.

Wannan ne, a ganina, mafi tsadar abin da yaran nan ke koya, ko da ba a rubuta shi a manhaja ba: in kana son sanin lafiyar abu, ƙirga ƙananansa. Idon ɗan Adam ga manya yake tafiya, don su ne ke da kwarjini. Gari kan cika da malamai masu furfura, kowa na alfahari da su, alhali an shekara goma ba ɗalibin da ya zauna gabansu har ya sauke littafi. Unguwar maƙera kan yi ta amon guduma, ba mai lura cewa duk masu riƙe da ita sun haura hamsin. Ranar da manyan suka fara kwantawa ɗaya bayan ɗaya, sai a ce abin ya zo ba zato, alhali ya daɗe da faruwa.

Broley ya zargi maganin ƙwari na DDT, kuma ya faɗi haka a rubuce a 1958. Littafin Rachel Carson, Silent Spring, da ya fito a 1962, ya kai maganar gidajen jama'a. Amma yadda abin ke faruwa takamaimai, ɓawon ƙwai ne ya tona. A 1967 wani masani a Birtaniya, Derek Ratcliffe, ya bi gidajen tarihi da ɗakunan masu tara ƙwan tsuntsaye yana auna ɓawon ƙwan shaho, tsofaffi da sababbi, sai ya ga kaurin ya faɗi farat ɗaya daga wajen 1947, daidai lokacin da DDT ya shiga gonaki. Shekara guda bayan haka Joseph Hickey da Daniel Anderson na Jami'ar Wisconsin suka sami irin wannan a Amurka, har da ƙwan mikiya mai farin kai. Maganin idan ya shiga jiki yakan rikiɗe ya zama wani sinadari da ake kira DDE, shi kuma yana hana jikin macen zuba isasshen kalsiyam a ɓawo. Ba sai ɓawon ya rage da rabi ba. Kashi ɗaya cikin biyar ma ya isa uwa ta kwanta wa ƙwanta ta fasa shi da nauyinta, ko ɗan ya mutu a ciki. Ikon Allah, masu satar ƙwai daga sheƙa don ado, waɗanda su kansu sun cuci tsuntsaye, su ne suka bar shaidar da aka kafa hujja da ita.

Ta yaya maganin da aka fesa wa sauro a fadama ya kai ga ƙwan da ke ƙololuwar itace? Akwai wani wasa da malamai kan shirya don wannan. A watsa guntayen takarda ko wake a fili, yawanci farare, kaɗan masu launi. Yawancin yara su zama ƙananan kifaye, kowa da jakarsa yana tsinta. Sai a sako 'yan kaɗan a matsayin manyan kifaye, duk wanda suka taɓa su karɓe jakarsa. A ƙarshe a sako yaro ɗaya ko biyu, su ne mikiya, su kwashe na manyan kifayen. Sai a zazzage jakunkuna a ce masu launin nan guba ce. Ƙaramin kifi na da ɗaya ko biyu, mikiya kuwa jakarta fal. Haka yake a zahiri, don DDT ba ya narkewa a ruwa, a kitse yake maƙalewa, jiki kuma ba ya saurin fitar da shi. Wani bincike da aka buga a 1967 kan wata fadamar bakin teku a Long Island ya nuna abin da ke jikin tsuntsaye masu cin kifi ya ninka na cikin ruwan sau ɗaruruwan dubbai. Yaron da ya yi murnar an zaɓe shi mikiya shi ne ke ƙarewa da tagumi.

Adalci ne a faɗi cewa DDT bai shigo duniya a matsayin mugu ba. Paul Müller, ɗan ƙasar Suwizalan da ya gano ƙarfinsa a 1939, lambar Nobel ya samu a 1948, don maganin ya ceci rayuka daga zazzaɓin cizon sauro da cutar da ƙwarƙwata ke yaɗawa. Mu da muka san abin da sauro ke yi wa yara a damina ba za mu raina wannan ba, kuma har yau yarjejeniyar Stockholm ta 2001 ta bar ƙofar fesa shi a bangon ɗaki don yaƙi da zazzaɓi. Ɓarnar ta zo ne daga yayyafa shi da jiragen sama bisa gonakin auduga da dazuzzuka da fadamu, ba awo ba lissafi. Kuma ba a Amurka kaɗai ta tsaya ba. Mikiyar kifi ta Afirka, 'yar uwar waccan, mai farin kai da farin ƙirji da ake gani a bakin manyan kogunanmu, ita ma an sami ɓawon ƙwanta ya rage kauri a tafkin Kariba a shekarun 1980, lokacin da ake feshin ƙudan tsando a Zimbabwe. Gamalin ma da wasu masunta a Nijeriya da Gana suka riƙa zubawa a ruwa don kifi ya taso, dangin DDT ne, kuma a wannan wasan mai jakar ƙarshe shi ne wanda aka kai wa kifin a miya.

A 1963 aka ƙirga mikiya mai farin kai a jihohi 48 na Amurka, ban da Alaska da Hawaii, aka sami ma'aurata 417 kacal. Ba DDT kaɗai ba ne: an daɗe ana harbinta, a Alaska ma har lada gwamnati ke biya tsakanin 1917 da 1953, aka kashe sama da 100,000, ga kuma sare itatuwan bakin ruwa. A 1972 aka hana amfani da DDT a gona, a shekarar kuma majalisa ta kafa dokar tsaftar ruwa duk da Shugaba Nixon ya hau kujerar na-ƙi. A 2007 aka cire mikiya daga jerin halittun da ke fuskantar ƙarewa, ma'aurata sun kusa 10,000. Ƙiyasin da hukumar kula da kifi da namun daji ta fitar a 2021 ya ce mikiya 316,700, ciki da ma'aurata 71,400. Kogin James a Virginia ya ishi misali. A tsakiyar shekarun 1970 ba sheƙa ko ɗaya mai rai a bakinsa. A 1975 aka gano wata masana'anta a garin Hopewell na zuba gubar Kepone cikinsa, ma'aikatanta na karkarwa, aka hana kamun kifi, hanin bai gama ɗagewa ba sai 1988. A 2019 masu ƙirga daga jirgin sama na kwalejin William da Mary sun sami ma'aurata sama da 300 a wannan kogi.

Yaran yau ba su ga waccan masifa ba. A wurinsu mikiya tsuntsuwa ce da ake gani daga tagar mota, kuma haɗarin da ke cikin labari mai daɗin ƙarshe shi ne a ɗauka an gama. Shi ya sa darasin ba ya tsayawa a aji. Jihohin yankin sun yi alkawari tun 2000 cewa kowane ɗalibi zai fita ya taɓa ruwan yankinsa da hannu, a 2014 suka sabunta shi ya zama a firamare da ƙaramar sakandare da babba, kuma a 2011 Maryland ta zama jiha ta farko da ta sa ilimin muhalli cikin sharuɗɗan kammala sakandare. Kayan aikin ba su da tsada. A ba yaro takarda ya dunƙule ta, ya ɗan ware, ya ja layi da alƙalami mai narkewa a kan tuddan da suka fito, a fesa mata ruwa: nan take zai ga launi na gangarowa yana taruwa a kwari, ya gane me ya sa abin da ya ci Doma ba ya barin Awai. A kai su rafi, su shiga da dogayen takalman roba, ɗaya ya riƙe raga, ɗaya ya motsa duwatsu da ƙafa, su juye abin da suka kamo a farar roba. Akwai ƙananan ƙwarin da ke maƙale ƙarƙashin dutse waɗanda ba sa rayuwa sai a ruwa mai tsafta da iska. In an same su da yawa, rafin lafiya. In kuwa ba komai sai matsattsaku da jajayen tsutsotsi, to ruwa ba ya tsami banza, sai a bi sawu a ga me ke zubowa daga sama. Nan ma ƙanana ake tambaya.

Wanda ya fi burge ni shi ne renon kifi a aji. Akwai wani kifi mai ƙyallin azurfa da suke kira shad, dangin sardin amma ya fi shi girma nesa. A teku yake rayuwa, sai ya hauro kogin da aka haife shi ya yi ƙwai a watannin Afrilu da Mayu. A da kogin Potomac cike yake da shi. Bayin George Washington kan ja koma a bakin gonarsa ta Mount Vernon su kamo shi a sa gishiri. Madatsun ruwa da ƙazanta da yawan kamu suka kusa ƙarar da shi, har aka hana kama shi a kogin a farkon shekarun 1980. A tsakiyar shekarun 1990, da aka fara aikin dawo da shi, ɗaliban wata firamare mai suna Westbrook a Bethesda suka shiga ciki, daga baya makarantu da dama suka bi sahu. Akan kawo ƙwan kifin aji a farkon mako, a zuba a tankin da yaran suka harhaɗa da kansu. Kullum su auna zafin ruwan da tsaminsa, su tsame ƙwan da ya mutu, wanda ake ganewa da ya yi fari, don kada ya ruɓe ya kashe sauran. Kafin ƙarshen mako sun ƙyanƙyashe, 'yan siraran abubuwa da ba ka ganin komai nasu sai idanu biyu. Sai a ɗauke su zuwa kogi, kowane yaro da kofinsa, ya tsuguna ya juye.

Yawancinsu ba za su kai ko'ina ba. Wasu kifayen za su cinye su kafin sati. Waɗanda suka tsira su fita teku da kaka, su yi ta yawo har gaɓar Kanada, ba za su dawo ba sai bayan shekara huɗu ko biyar, tsawon lokacin da kan ɗan mikiya ke ɗauka kafin ya yi fari. Yaron da ya juye kofi yana ɗan shekara goma zai kai sha huɗu ko sha biyar kafin a san ko aikinsa ya yi. A zamanin da komai sai an danna an gani nan take, ban san darasin haƙurin da ya fi wannan ba. Ɗaliban nan kuma ba su tsaya ga kofi ba, suna cikin waɗanda suka yi ta kiran a buɗe wa kifin hanya a madatsar Little Falls, aka kuwa yanka masa mashiga a 2000, ya sami ƙarin kimanin kilomita 16 na kogi da aka daɗe da toshe masa.

Sai dai kada a yaudari kai, ko a yaudari yaran. Miliyoyin 'ya'yan kifin da aka zuba a Potomac, mafi yawansu daga maƙyanƙyasar gwamnati suka fito. Kuma ba tsintar leda ranar Asabar ce ke wanke kogi ba. Kogin Anacostia, wanda ya ratsa gabashin Washington ta unguwannin baƙaƙen fata marasa galihu, an hana wanka cikinsa tun farkon shekarun 1970, saboda tsofaffin bututun birnin sun haɗa ruwan sama da na masai. Da an yi ruwa mai ƙarfi sai su tumbatsa, komai ya kwarara kogi. Abin da ya sauya wannan shi ne shari'a a kotu da ƙaton ramin da aka haƙa ƙarƙashin ƙasa, mai faɗin mita bakwai, da aka buɗe kashinsa na farko a Maris 2018, yana tare ruwan har a tace shi, aikin biliyoyin daloli. Leda ma doka ce ta rage ta: bayan an ƙirga sharar ƙananan rafukan da ke shiga kogin an ga kusan rabinta leda ce, birnin ya sa harajin santi biyar kan kowace leda a shago daga Janairu 2010. Ina da ƙorafi kan duk tsarin da zai sa yaro ya ji laifin kogi a wuyansa yake, alhali masu masana'antu da masu kasafin kuɗi na gefe suna tafa masa. Amfanin fitar da yara shi ne, wanda ya taɓa ƙirga leda a rafi ya san me ake nufi ran da aka kawo maganar santi biyar, kuma bayan shekara goma shi ne mai ƙuri'a.

A wannan kogi na Anacostia ne wasu matasa tara daga wani rukunin gidajen talakawa da ake kira Valley Green suka fara aiki a 1992 ƙarƙashin ƙungiyar Earth Conservation Corps, suna janyo dubban tayoyi daga wani rafi. Daga 1995 aka riƙa kawo musu 'ya'yan mikiya daga Wisconsin, guda 16 cikin shekara huɗu, suna renonsu a akwati bisa itace a lambun itatuwa na ƙasa har su tashi. Shekarun kashe-kashe ne a unguwannin, kuma wasu daga cikin tsuntsayen an sa musu sunayen abokan aikinsu da aka kashe. Su waɗannan matasa ba sai an koya musu ma'anar ƙasa ta riƙa ƙirga manyanta tana mantawa da ƙananan ba. A 2014 wasu ma'auratan mikiya suka kafa sheƙa a wannan lambu, karo na farko tun 1947, daga baya aka ɗora kyamara kusa da ita, azuzuwa a faɗin ƙasar suka riƙa kallo kai tsaye ta intanet.

Kyamarar sheƙa malama ce marar tausayi. Yara kan ga iyaye na karɓa-karɓa wajen kwanci kwana 35, dusar ƙanƙara ta lulluɓe uwa har wuya ba ta motsa ba. Sukan kuma ga babban ɗa na saran ƙaninsa yana hana shi abinci, ko ƙwai ya wuce lokaci bai fashe ba, iyayen na ci gaba da kwanci a banza. Su ga abin da ake kawowa sheƙa: kifi, agwagwar ruwa, wani lokaci kifi da ƙugiya a baki da zaren fatsa na reto, wanda kan naɗe ƙafar ɗan tsuntsu. Saboda wannan zare ne ake kafa guntayen bututun roba a wuraren kamun kifi don masu fatsa su cusa tsohon zarensu, kuma sau da yawa 'yan makaranta ne ke haɗa su.

Gubar da ta fi damun mikiya yanzu ita ce dalma, wadda mu ma muka ga aikinta a kan yaran Zamfara a 2010. An hana harbin tsuntsayen ruwa da harsashin dalma a Amurka tun 1991, amma maharban barewa na amfani da shi. Harsashin kan tarwatse cikin nama, maharbi ya feɗe dabba ya bar kayan ciki a daji, mikiya mai cin mushe ta sauko da sanyi lokacin da kifi ya yi wuya. Ɗan guntu kamar ƙwayar shinkafa na iya kashe ta. Binciken da mujallar Science ta buga a 2022, kan mikiya 1,210 daga jihohi 38, ya sami kusan rabinsu da alamar dalma da ta daɗe tana taruwa a ƙashi. Akwai harsashin tagulla da ba ya wannan ɓarna, ya ɗan fi tsada, kuma California ta wajabta barin dalma a duk farauta tun 2019, amma a mafi yawan jihohi zaɓin maharbi ne. Wannan darasin ya fi na DDT wuyar koyarwa, don babu wata masana'anta mai nisa da za a nuna da yatsa. A makarantun karkara, yara da yawa a ajin 'ya'yan maharba ne, naman barewar na cikin firjin gidansu, kuma tambayar da za su koma da ita da yamma, babansu za su yi wa.